EDWARD HEATH: ƊAN KAFINTA DA YA SHIGAR DA INGILA TARAYYAR TURAI

Tun shekarar 2016, sa'ad da mutanen Ingila suka jefa ƙuri'a suka ce za su fita daga Tarayyar Turai, maganar nan ta shiga hirar ma'aikatan ofis da malaman makaranta. In an tashi daga aiki aka zauna shan iska, sai ka ji wani ya ce Turawan nan sun yi wauta, wani ya ce sun ƙwato 'yancinsu ne, wani kuma ya ce ai rikici ne tsakanin waɗanda suka yi zurfin karatu da waɗanda ba su yi ba. Gardama kan yi tsawo, amma da wuya a tuna da mutumin da ya shigar da su tun da fari. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba masu karatu tarihinsa, don wanda zai yi gardama ya yi ta da sani. Sunansa Edward Heath, ya riƙe Firayim Ministan Ingila daga 1970 zuwa 1974.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Edward Heath ran 9 ga watan Yuli, 1916, a wani ƙaramin gari na bakin teku wai shi Broadstairs, cikin lardin Kent, kudu maso gabashin Ingila. Daga gaɓar wannan lardi ana iya hangen ƙasar Faransa in gari ya yi sarari. Ubansa kafinta ne, daga baya ya zama ɗan ƙaramin ɗan kwangilar gine-gine. Uwarsa kuwa kafin ta yi aure aikin gida take yi wa wata matar mai arziki.

Kafin a gane girman abin da ya samu sai an san yadda makarantun Ingila suke a wancan zamani. Akwai manyan makarantun kwana masu tsada, irin su Eton da Harrow, inda 'ya'yan sarakuna da na attajirai ke karatu, daga cikinsu kuwa aka saba samun masu mulkin ƙasa. Akwai makarantun sakandare na jeka-ka-dawo waɗanda ake kira girama. Su ma akan biya kuɗi, amma akan ware waɗansu gurabu kyauta domin yaran talakawa masu ƙwazo da suka ci jarrabawa. Sauran yara, su ne kuwa mafi yawa, da sun cika shekara 14 sai su bar makaranta su kama neman abinci.

Heath na da kamar shekara goma ya ci jarrabawa, ya sami gurbi a makarantar girama ta Chatham House a garin Ramsgate. Cikin 1935, da taimakon kuɗin hukumar lardinsu, ya shiga Kwalejin Balliol ta Jami'ar Oxford, ya karanta ilmin siyasa da tattalin arziki da falsafa. Tun yana yaro ya ƙware wajen kiɗa, har ya iya kaɗa babban abin kiɗan nan na coci mai bututuwa da ake kira ogan. Wannan gwaninta ta jawo masa sukolashif a kwalejin, ta rage wa iyayensa nauyi, ta kuma ba shi damar yin shekara huɗu. Kafin ya fita aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar muhawara ta jami'ar, watau inda samarin Ingila da yawa suka koyi magana gaban jama'a kafin su shiga majalisa.

ABIN DA YA GANI DA IDONSA

Lokacin hutu Heath ya kan ƙetare teku ya yi yawon ƙasashen Turai. Cikin 1937 ya je Jamus, ya halarci babban taron jam'iyyar Hitila a birnin Nurembag, ya ga manyan muƙarraban Hitila ƙiri-ƙiri. Cikin 1938 ya je Sifen tana tsakiyar yaƙin basasa. Ganau ya fi jiyau. Ya komo gida ya tabbata yaƙi na tafe, kuma lallashin da gwamnatin Mista Chamberlain ke yi wa Hitila ba zai haifi alheri ba. Ko da yake ɗan jam'iyyar Konsabatib ne, watau jam'iyyar da ke mulki a lokacin, da aka yi zaɓen cike gurbi a Oxford cikin Oktoba 1938 sai ya ƙi ɗan takarar jam'iyyarsa, ya goyi bayan shugaban kwalejinsu wanda ya tsaya takara don nuna ƙin lallashin nan.

Da yaƙi ya ɓarke ya shiga sojan igwa. Ya fara da tsaron birnin Liverpool daga jiragen saman Jamus, sa'an nan cikin 1944 ya ƙetara Faransa tare da rundunarsu, suka bi ta Beljiyam da Holan har cikin Jamus. Ya ga birane sun zama kufai, ya ga mutane na kwana cikin ɓaraguzan gidajensu. Cikin 1946 ya sake komawa Nurembag, ya zauna a ɗakin shari'a ya ga ana tuhumar waɗansu daga cikin mutanen da ya gani cikin alfarma shekara tara da suka wuce. Ya bar soja da muƙamin Laftanan-Kanar. Daga nan ra'ayinsa ya kafu, har ya mutu kuwa bai sake shi ba: ƙasashen Turai sun yi mummunan yaƙi sau biyu cikin shekara talatin, maganin na uku shi ne a ɗaure arzikinsu wuri ɗaya yadda ba mai iya cutar wani sai ya cuci kansa.

SHIGARSA MAJALISA

Bayan yaƙi ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya yi aiki a ma'aikatar jiragen sama. Ya bari don ya shiga siyasa, ya taɓa aikin jarida da na banki. A zaɓen Fabrairu 1950 ya ci kujerar Bexley, a gefen Landan, da rinjayen ƙuri'a 133 kacal. Jawabinsa na farko a Majalisar Wakilai, cikin watan Yuni na shekarar, a kan Turai ya yi shi. Ministan harkokin waje na Faransa, Robert Schuman, ya kawo shawarar a haɗa sarrafa kwal da ƙarfe na Faransa da Jamus da duk ƙasar da ke so ƙarƙashin hukuma ɗaya. Heath ya roƙi gwamnati ta shiga shawarar tun ana dama furar. Gwamnati ba ta ji ba. Ƙasashe shida, watau Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Luksambag, suka ci gaba ba tare da Ingila ba, har cikin 1957 suka sa hannu a birnin Rum suka kafa Kasuwar Tarayyar Turai.

A majalisa aka lura mutum ne mai tsare aiki, mai riƙe asiri. Cikin 1955 aka naɗa shi babban mai tsawatarwa na jam'iyya, watau wanda ke lura da wakilai ya tabbata sun jefa ƙuri'a inda gwamnati ke so. Shi ya riƙe jam'iyyar ba ta tarwatse ba lokacin rikicin mashigin Suwes cikin 1956. Cikin 1959 ya zama Ministan Ƙwadago.

JANAR DIGOL YA RUFE ƘOFA

Wajen 1961 Firayim Minista Harold Macmillan ya ga daula na watsewa, ƙasashen da Ingila ta rena suna samun mulkin kai ɗaya bayan ɗaya, ga kuma ƙasashen nan shida suna ta bunƙasa. Sai ya nemi shiga Kasuwar, ya ɗora wa Heath jagorancin shawarwari a birnin Brussels. Aiki ne mai cin rai. Ingila ta saba sayen abinci da araha daga ƙasashen Kwamanwels: man shanu da naman tumaki daga New Zealand, sukari daga tsibiran Karibiyan, koko da gyaɗa daga Afirka ta Yamma. Shiga Kasuwar na nufin a sa wa da yawa daga cikin kayan nan kuɗin fito. Heath ya shafe fiye da shekara guda yana ciniki a kan kaya ɗaya bayan ɗaya, har wata mujallar barkwanci ta Landan ta laƙaba masa sunan mai kanti.

Maganar ta taɓa mu ma. An yi wa ƙasashen Afirka renon Ingila tayin su zama 'yan raɓe ga Kasuwar, kamar yadda ƙasashen renon Faransa suke. Cikin 1962 Nijeriya, ƙarƙashin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta ƙi tayin, Ghana ma ta ƙi, don suna ganin ƙasar da ta sami 'yanci jiya bai kamata ta sake ɗaura kanta ga Turai ba.

Ran 14 ga Janairu, 1963, Shugaban Faransa Janar Digol ya tara 'yan jarida ya bayyana ba ya yarda Ingila ta shiga. A ganinsa Ingila tsibiri ce mai kallon teku, zuciyarta na wajen Amurka. Wahalar Heath duk ta bi ruwa, amma yadda ya ɗauki abin da haƙuri ya ƙara masa daraja a Turai, har aka ba shi lambar girma ta Charlemagne a birnin Aachen cikin shekarar. Cikin 1967 gwamnatin Leba ta sake nema, Digol ya sake ƙi.

SHUGABANCIN JAM'IYYA

Har zuwa 1965 jam'iyyar Konsabatib ba ta zaɓen shugabanta da ƙuri'a. Manya ne kan yi shawara a ɓoye su fito da mutum. Shugabanninta uku na baya, Eden da Macmillan da Douglas-Home, duk tsofaffin ɗaliban Eton ne, Churchill kuwa na Harrow. Cikin 1964 Harold Wilson na jam'iyyar Leba, wanda shi ma ɗan makarantar girama ne kuma tsaran Heath, ya kāda su, yana yi musu gorin cewa 'ya'yan gata ne waɗanda ba su san zamani ba. Sai jam'iyya ta sake tsari. Cikin Yuli 1965 wakilanta suka jefa ƙuri'a: Heath ya sami 150, Reginald Maudling 133, Enoch Powell 15. Ɗan kafinta ya hau kujerar 'ya'yan sarauta.

Bai sami hawan da sauƙi ba. Mutum ne mai ƙarancin fara'a, bai iya hirar raha ba, bai kuma taɓa aure ba. Ana yi wa lafazinsa dariya, don bai yi kama da na mutanen garinsu ba, bai kuma kai na 'yan Eton ba. Ya faɗi zaɓen 1966. Cikin 1968 ya kori Powell daga manyan muƙaman jam'iyya saboda wani jawabi da ya yi na tunzura jama'a a kan baƙi baƙar fata da 'yan Asiya, ko da yake jawabin ya sami karɓuwa wajen mutane da yawa. Ana gab da zaɓen 18 ga Yuni, 1970, masu hasashe kusan duka sun ba Wilson nasara. Da aka ƙirga, Heath ya sami kujera 330, ya kafa gwamnati.

SHIGA TURAI

Digol ya sauka cikin 1969, Georges Pompidou ya gaje shi. Cikin Mayu 1971 Heath ya tafi Faris, suka kulle ƙofa su biyu da tafintoci har kwana biyu, suka fito da yarjejeniya. Ran 28 ga Oktoba, 1971, Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 356, masu ƙi 244. Wakilai 39 na jam'iyyarsa sun ƙi shi, amma 69 na Leba, ƙarƙashin Roy Jenkins, suka saɓa wa jam'iyyarsu suka mara masa baya. Ya sa hannu a Brussels ran 22 ga Janairu, 1972. Dokar da za ta tabbatar da shigar ta sha da ƙyar, gama a karatu na biyu rinjayen ƙuri'a 8 ne kawai. Ran 1 ga Janairu, 1973, ranar da Nijeriya ta fara kashe naira da kwabo, Ingila ta shiga Kasuwar tare da Ailan da Denmak. Cikin watan Yuni na shekarar Janar Yakubu Gowon ya kai ziyarar girma Landan. Shigar Ingila ce kuma ta buɗe hanyar yarjejeniyar Lome ta 1975, wadda ƙasashe 46 na Afirka da Karibiyan da Fasifik, har da Nijeriya, suka ƙulla da Kasuwar.

A nan akwai abin lura. Ailan da Denmak da Norwe duk sun tambayi jama'arsu ta hanyar ƙuri'ar raba gardama cikin 1972, mutanen Norwe kuwa suka ƙi, ƙasarsu ba ta shiga ba. Heath bai tambayi mutanen Ingila ba. Hujjarsa ita ce bisa al'adar ƙasarsu majalisa ce ke yanke irin wannan hukunci. Amma kafin zaɓe ya taɓa faɗi cewa shiga na bukatar yardar majalisa da ta jama'a da zuciya ɗaya, gwamnatinsa kuma ta ba da tabbacin cewa ba za a taɓa ainihin ikon ƙasa ba, alhali dokar da aka kafa ta ɗora dokokin Kasuwar bisa na Ingila a fannonin da aka yi yarjejeniya. Masunta ma sun yi kukan an buɗe wa jiragen waɗansu ƙasashe ruwansu. Abokan hamayya suka riƙe waɗannan abubuwa, suka yi ta maimaita su har shekara arba'in.

MAGANAR MAKARANTU

Dokar ilmi ta 1944 ta mai da karatun sakandare kyauta, ta kuma sa yara su yi jarrabawa suna shekara 11. Kamar ɗaya cikin huɗu ko biyar ke samun girama, saura a tura su makarantun da ba su cika kai yaro jami'a ba. Masu goyon baya suka ce wannan ne tsanin ɗan talaka, ga Heath da Wilson shaida. Masu suka suka ce zalunci ne a yanke wa yaro hukuncin rayuwarsa da jarrabawar rana ɗaya. Cikin 1965 gwamnatin Leba ta nemi hukumomin lardi su haɗe makarantu su zama na kowa da kowa.

Heath ya naɗa Margaret Thatcher, 'yar mai kanti kuma 'yar girama, Ministar Ilmi. Ta janye umurnin 1965, ta bar wa kowace hukuma zaɓi. Duk da haka hukumomi suka ci gaba da kawo shirinsu na haɗewa, ta kuwa amince da mafi yawa, har ya zamana ba ministan da aka rufe ko aka haɗe makarantun girama da yawa a hannunsa kamarta. Watau tsanin da ya hau a zamanin mulkinsa aka fi sassare shi. Gwamnatinsa ce kuma ta ɗaga shekarun barin makaranta daga 15 zuwa 16 cikin 1972, ita ce kuma ta daina ba yara 'yan sama da shekara bakwai madara kyauta, abin da ya jawo mata baƙin jini.

FAƊUWARSA

Sha'anin cikin gida ne ya kayar da shi. Dokar da ya kafa cikin 1971 don rage ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago ta jawo yajin aiki. Cikin Janairu 1972 marasa aiki suka haura miliyan ɗaya, mahaƙan kwal suka tafi yaji suka yi nasara. A Ailan ta Arewa, ran 30 ga wannan wata, sojojin Ingila suka harbe masu zanga-zanga 13 har lahira a garin Derry, cikin Maris kuwa ya rushe gwamnatin lardin ya mai da mulki Landan. Cikin Oktoba 1973 yaƙin Larabawa da Isra'ila ya sa kuɗin man fetur ya ninka kusan sau huɗu, mahaƙan kwal suka sake tayarwa, har daga farkon 1974 aka taƙaita wa masana'antu wutar lantarki zuwa kwana uku a mako.

Sai ya kira zaɓe ran 28 ga Fabrairu, 1974, don jama'a su faɗi wanda ke mulkin ƙasa, gwamnati ko ƙungiyoyi. Jam'iyyarsa ta fi yawan ƙuri'a, amma Leba ta sami kujera 301, shi 297. Ya sauka ran 4 ga Maris. Ya sake faɗuwa cikin Oktoba. Cikin Fabrairu 1975 Misis Thatcher ta ƙalubalance shi, ta sami 130, shi 119. Bai yafe mata ba, ya yi shekaru yana sukar mulkinta daga kujerun baya.

Abin mamaki, cikin wannan shekara ta faɗuwa ya sami babbar nasara. Wilson ya kira ƙuri'ar raba gardama ran 5 ga Yuni, 1975. Heath ya zaga ƙasa yana jawabi da kuzarin da ba a saba gani gare shi ba, kashi 67 cikin 100 kuwa suka ce a zauna cikin Kasuwar.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Ban da siyasa, gwani ne wajen tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska. Cikin 1969 ya ci babban tseren da ake yi daga Sydney zuwa Hobart a Ostareliya. Ya kan kuma jagoranci ƙungiyoyin makaɗa. Ya ziyarci Sin cikin 1974 ya gana da Mao. Ya zauna cikin kwamitin Willy Brandt wanda ya binciki ratar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Cikin 1990 ya je Bagadaza ya gana da Saddam Husaini, ya komo da waɗansu 'yan Ingila da aka tsare. Ya bar majalisa cikin 2001 bayan shekara 51. Ya mutu ran 17 ga Yuli, 2005, a gidansa na Salisbury, yana da shekara 89.

ABIN DA YA BIYO BAYANSA

Kasuwar da ya shiga ta ƙasashe tara ta girma ta zama Tarayyar Turai mai ƙasashe 28, ikonta ya faɗaɗa, ma'aikata daga gabashin Turai suka kwararo Ingila bayan 2004. Jam'iyyarsa, wadda a zamaninsa ita ce mai son Turai, ta dāre biyu. Ran 23 ga Yuni, 2016, David Cameron ya kira ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 cikin 100 suka ce a fita, 48 suka ce a zauna. Ran 31 ga Janairu, 2020, a hannun Boris Johnson, Ingila ta fita bayan shekara 47. Daga 1964 zuwa 1997 duk Firayim Ministocin Ingila 'yan makarantun gwamnati ne, amma waɗannan biyu duk 'yan Eton ne.

Masu binciken ƙuri'ar sun gano cewa ilmi na cikin manyan abubuwan da suka raba jama'a: mafi yawan waɗanda suka yi jami'a sun zaɓi zama, mafi yawan waɗanda suka bar makaranta da wuri sun zaɓi fita. A gundumar Thanet, inda garin haihuwarsa yake, da kuma Bexley wadda ta fara aika shi majalisa, fiye da kashi 60 cikin 100 fita suka zaɓa. Lardin Kent kuwa yana cikin 'yan lardunan da suka riƙe makarantun girama da jarrabawarsu.

Ba namu ba ne mu yanke wa mutanen Ingila hukunci a kan ƙasarsu. Amma akwai abin da malamanmu da ma'aikatanmu za su ɗauka. Makaranta ce ta ɗauki ɗan kafinta ta kai shi inda ubansa bai taɓa mafarki ba, kuma gurbin nan guda na kyauta da ya samu yana yaro ya sake tafiyar ƙasa ɗungum. Malamin da ke gaban aji bai san wanda ke zaune a benci na baya ba. Har wa yau, mai ilmi na iya hango abin da jama'a ba su hango ba, ya kuma iya shawo kan shugabannin duniya a ɗakin shawara, amma in bai zauna ya fahimtar da manomi da masunci da lebura ba, su da 'ya'yansu, aikinsa na nan a rataye. Heath ya ga yaƙi da idonsa, shi ya sa yake ganin hujjarsa a fili take. Waɗanda aka haifa bayansa ba su gani ba, ba a kuwa sami isassun masu bayyana musu da harshen da suke ji ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda aka ba amanar ofis ko ta aji a ƙasarmu, ya kamata ya auna wannan kafin ya ce talaka bai gane ba.